Rami a Layi na Uku

Ranar da na fara zuwa shagon lesin da ke Gangare, sai da na yi kusan awa guda ina koya wa ogata shara. Baba ne ya turo ni daga Dutse Uku. Ya ce tun da na gama sakandare ba abin da nake yi sai cinye masa tuwo, in je wurin mai koyar da lissafin nan ko za a ɗauke ni goge allo. Na sa rigar sallah, na fesa turaren yayana, na isa. Na tarar da wata mata siririya cikin hijabi ruwan toka tana share ƙarƙashin benci. Na ce, "Anti, sannu da aiki. Malam bai iso ba?"

Ta ɗago ta dube ni tun daga hula har takalmi. Ta ce, "Zauna, yana hanya."

Na zauna na ɗora ƙafa kan ƙafa. Na ba ta shawara ta riƙa yayyafa ruwa kafin shara, don kada littattafan Malam su yi datti. Na nuna mata wani lungu da ta tsallake. Da zaman ya ishe ni, na miƙa mata kuɗi na ce don Allah ta taimaka ta sayo min ruwan leda. Ta karɓa, ta fita, ta sayo, ta kawo min har da canji. Ina cikin sha ɗalibai suka fara shigowa, manya manya, 'yan kwaleji, wasu da gemu kamar limamai. Matar nan ta jingine tsintsiya, ta karkaɗe hannu, ta ɗauki alli, ta cika rabin allo da aljabara ba ta ko duba takarda ba. Ruwan ledar nan har yau yana maƙale a maƙogwarona.

Da aka tashi ta ce, "Ba kai ne na farko da ya tambaye ni Malam ba. Kai ne dai na farko da ya aike ni. Gobe ka zo ƙarfe bakwai, tsintsiya na jiranka, tun da ka fi ni iyawa."

Haka na shiga sana'ar a hannun Malama Hajara. Ina ba ku labarin ne ku da kuka ajiye biro bana kuke zuwa kuna cewa in koya muku, wai ai lesin ba wani abu ba ne, allo ne da alli da surutu. Shekarata goma sha tara, uku daga ciki a gaban allo na yi su, kuma na rantse da za a tsaga kaina a duba ciki, furfura za a tarar.

Aikin farko da aka ba ni bayan shara shi ne allo. Katako ne shimfiɗaɗɗe, duk bayan mako biyu sai a shafe shi da baƙin fenti, in ba haka ba ya yi fari fat, na bencin baya su ce ba sa gani, ko da yake na bencin baya ko an rubuta musu a goshi ba gani suke ba. Abin gogewa tsohuwar safa ce da aka cusa wa tsumma. Alli kuwa akwai na kirki, akwai wanda da ka ɗora shi a allo zai yi kuka ya karye uku. Da damina ruwa yakan doki kwanon rufin nan har ka ga bakin mutum yana motsi ba ka jin komai, sai a koma koyarwa da hannu kamar kurame. Tsoffin takardun jarrabawa muna samun su a shagon da ke jikin namu, wurin Mama Ebuka mai fotokofi, wadda ta san lakcaran da ke maimaita tambayoyinsa fiye da yadda matarsa ta san shi.

Amma babban kayan aiki shi ne littafin Malama. Koren littafi ne mai kaurin bango. Duk darasin da za ta koyar sai ta rubuta shi a ciki tun ana gobe, layi bayan layi, ko da ta koyar da shi sau ɗari. A kowane darasi kuma akwai wuri ɗaya da take zagayewa da jan biro. Shi take kira rami. Wato kuskure ne da za ta yi a allo da gangan, yawanci a layi na uku, lokacin da hankalin aji ya fara tafiya wurin abincin rana. Kun san idan lamba ta tsallaka alamar daidai, tarawa takan koma ɗebewa. To sai ta tsallakar da lambar ta bar mata alamarta yadda take, ta ci gaba da rubutu fuskarta kamar ba ita ba. Idan wani ya gano, ta yi masa tafi. Idan ba wanda ya gano, ta kai har ƙarshe, ta juyo ta ce, "Ku duka kuna cikin rami. Wa zai fito da mu?"

Ta ce da ni, "Ɗalibin da yake kwafa kawai, hannunsa ne ya zo lesin, kansa yana gida. Ramin ne yake kirawo kan."

Wata shida ina shara da gogewa kafin ta ba ni alli. Kafin nan kullum bayan an tashi sai ta zaunar da ni ta ba ni tambaya biyar, in na kasa ɗaya ta ƙara biyar. Akwai ranar da na fara da biyar na ƙare da abin da ya fi yawan mutanen Gangare.

Tun ina mai goge allo na lura da wani abu, amma lokacin dariya yake ba ni. Ni Allah ya yi ni dogo, gemu kuma ya yi min gaggawa, ya fito tun ban gayyace shi ba. Ɗalibai suna kiranta Anti, ni suna kirana Oga. Idan ta gama warware tambaya ta ja layi biyu a ƙarƙashin amsa, sai in ga kawuna sun juyo wurina, ni da nake tsaye riƙe da safa. Wani ya ce, "Oga, haka ne?" Ni kuma in gyaɗa kai a hankali kamar alƙali. Sai a lokacin su rubuta. Amsar da ban ma san ta ina aka bi aka same ta ba.

Bashir shi ne ya fi daɗewa a ajin. Lissafin shekarar farko ya kayar da shi sau biyu, har Mama Ebuka tana cewa idan ya ƙara shekara ɗaya za a ba shi ofis a kwalejin. Amma Bashir bai taɓa shakkar kansa ba. Yakan shigo da kalkuleta mai maɓallai kamar na tuƙa jirgi, ya zauna a gaba, ya ce, "Lissafi ai namu ne, a jini yake. Matsalata kawai lakcaran ne ba ya sona."

Fa'iza kuwa a benci na biyu take zama, jikin bango. Cikin ramuka goma ita take gano bakwai. Sai dai ba ta ɗaga hannu. Za ta taɓa wanda ke gabanta da biro ta ce, "Don Allah duba layi na uku, kamar akwai wani abu, ko ni ce ban gane ba." Shi kuma ya miƙe ya faɗa da ƙarfi ya sha tafi. In ka tambaye ta, cewa take, "Ni fa ban iya lissafi ba, dagewa kawai nake." Malama ta yi mata faɗa har ta gaji. Ta ce, "Fa'iza, wa ya gaya miki ba ki iya ba?" Ta ce, "Ba wanda ya gaya min, Anti. Kawai dai an sani."

Sai shekarar dogon yajin aiki ta zo. Kwaleji ta rufe, ɗalibai suka watse garuruwansu, shagon ya koma ni da Malama da gizo-gizo. Mama Ebuka ta rufe injinta da zane ta koma sayar da soyayyen dankali a ƙofa. Ni na so in gudu in koyi tuƙin keke, Malama ta ce in na tafi kada in dawo. Watannin nan kullum sai mun buɗe ƙarfe bakwai, in share, in goge allon da ba a rubuta komai a kai ba, sannan ta koya min lissafin kalkulas ni kaɗai kamar ajin cike yake. Har rami take haƙa min. Duk abin da na sani yau a wannan lokacin na same shi. Ban biya ko sisi ba, ita ce ma take sayen masar da muke karyawa da ita.

Da aka janye yajin aikin, kwaleji ta ce jarrabawa nan da 'yan makonni. Ɗalibai suka kwararo mana kamar an fasa dam. Benci ya kasa, wasu a kan taga, wasu a kan juna. Malama ta raba ajin biyu, ita safe, ni yamma, darasi iri ɗaya daga koren littafin.

A mako na biyu, ranar Talata, ina warware wata tambaya na manta alamar ɗebewa a layi na uku. Mantawa ta gaskiya, don hankalina yana kan wata 'yar aji da ta yi min murmushi. Na ci gaba da rubutu ina ta bayani da ƙarfin gwiwa, ina nisa cikin daji. Sai na ji muryar Fa'iza, karo na farko a tarihin shagon, da kanta: "Oga, kamar mainos ta faɗi a layi na uku."

Na duba. Kafin in buɗe baki Bashir ya buga benci ya ce, "Kai! Oga ya haƙa mana rami! Wallahi mutumin nan shu'umi ne. Kun ga yadda ya daure fuska?"

Aji ya ɗauki tafi. Ni aka yi wa, ba Fa'iza ba. Na gyara tsayuwa, na murza gemu, na ce, "Yauwa. Ina so in ga ko kuna farke." Daga ranar sunana ya koma Farfesa. Ba zan ɓoye muku ba, sunan ya yi min daɗi, har a gida na so a riƙa kirana da shi, Baba ya ce in na sake faɗa zai aske min gemun da almakashin ɗinki.

Ranar Alhamis ta wannan makon Bashir ya zo ajin safe, don yana da uzuri da yamma. Ina nan ina jera benci. Malama ta haƙa raminta a layi na uku yadda ta saba, irin wanda na faɗa ciki sak. Kuma a ranar, ikon Allah, Bashir ya gano kuskure karo na farko tun da aka haife shi. Bai ɗaga hannu ba. Ya zaro waya ya ɗauki bidiyon allon da bayan Malama tana rubutu, sannan ya ce da ƙarfi, "Anti, kin yi kuskure fa!"

Ta juyo da murmushi ta ce, "Madalla, Bashir, yau ka fito daga rami da ƙafarka." Ta yi masa tafi. Amma ya riga ya kashe wayar kafin nan.

Kafin la'asar bidiyon ya zaga guruf ɗin 'yan ajinsu na waya, an rubuta a ƙasa wai a yi hattara da inda ake kai kuɗin lesin. Wani ya ce dama shi tun farko hankalinsa bai kwanta ba. Wata, mace fa, ta rubuta cewa ita gaskiya namiji ya fi fahimtar da ita lissafi, ba don komai ba, haka dai take ji. Waɗanda suka yi shekara suna ganin rami a allon nan, suka sha tafi a kansa, ba wanda ya ce uffan. Ni ma ina cikin guruf ɗin. Na karanta duka. Na saka hoton dariya guda ɗaya a ƙarƙashin wata magana da ta ba ni dariya, na kashe waya.

Litinin ajin safe ya ragu rabi. Laraba mutum shida. Ajin yamma kuwa har a ƙofar Mama Ebuka ake tsayawa ana leƙe. Darasi ɗaya, littafi ɗaya, ni kwafa nake daga rubutun hannunta, wani wurin ma sai na tambaye ta da safe me take nufi.

Mama Ebuka ce ta tare ni ina sayen dankali. Hausarta irin ta kasuwa ce, amma ba ta taɓa kuskuren wurin da za ta soka ba. Ta ce, "Farfesa, zo nan. Wannan mata ya koya maka komai, ni na gani da ido na. Lokacin yajin aiki wa ya ba ka masa? Yanzu yara suna zagi shi, kai kana gyara gemu. Kunya ba ya kama ka?"

Na ce, "Mama, ni me na yi?"

Ta ce, "Ba ka yi komai ba. Shi ne." Ta juya ta ci gaba da juya dankalinta, ba ta ƙara min ko ɗaya a kai ba yadda ta saba.

Washegari da yamma na ɗauki koren littafin ba tare da na tambayi Malama ba. Aji ya cika maƙil. Na buɗe shafin ranar Alhamis na ɗaga shi sama, na bi benci benci ina nuna musu jan da'irar da ke layi na uku. Na ce ga shi nan, tun ranar Laraba ta rubuta, da gangan ta yi. Na ce nawa na ranar Talata kuwa ba rami ba ne, faɗawa na yi da ka, kuma Fa'iza ce ta ciro ni. Na ce duk abin da nake koya musu daga littafin nan ne, ni ko jami'a ban shiga ba, shekara biyu da suka wuce safa ce a hannuna.

Na ce a raina, to, na gyara.

Sai Bashir ya girgiza kai a hankali, ya ce, "Allahu akbar. Kun ga tawali'u? Oga, Allah ya saka maka. Ka ɗora wa kanka laifi don ka rufa wa Anti asiri. Irinku sun yi ƙaranci."

Aji ya ce amin. Wani daga baya ya ce jan biro ai ko yanzu ana iya zagayawa. Na ce wallahi tallahi gaskiya nake faɗa. Suka ce sun sani, sun gane, in ci gaba da darasi lokaci na tafiya. Na dubi Fa'iza na ce, "Ke ki faɗa musu mana." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ban sani ba, Oga. Wataƙila sa'a na yi ranar."

Da na gaya wa Malama da safe, tana shara ne, don ta koma yi da kanta tun da na zama Farfesa. Ba ta daina ba. Ta ce, "Wa ya ba ka izinin taɓa min littafi?" Na ba da haƙuri. Ta ce, "Ka makara da mako guda. Da ranar Talatar ka faɗa, da wataƙila. Amma ko a ranar ma ban sani ba." Ta kwashe sharar ta zuba a kwandon, ta ce, "Shekara tara ina wannan allon. Duk shekara sai na sake cin jarrabawa a gaban yaran da suka faɗi tasu. Kai ka ci taka ranar da gemu ya fito maka."

Ta ƙarasa zangon da ɗalibai huɗu, har da Fa'iza wadda ta koma ajin safe. Ba ta fasa rubuta darasi ba, ba ta fasa haƙa rami ba, kuma ba ta taɓa makara ba. Da aka gama jarrabawa ta kira ni ta miƙa min makullin shagon da koren littafin. Ta ce ta samu aiki a wata makarantar firamare mai zaman kanta a Kuru, kusa da gidan yayarta. Na ce ta tsaya, in koma goge allo, a haɗe ajin kamar da. Ta ce, "Su sake juyowa suna tambayarka ko haka ne? A'a. Riƙe. Kuma kada ka daina haƙa ramin, yana da amfani. Kai ko ka faɗa ciki da gaske cewa za su yi wanka kake."

Sakamako ya fito. Fa'iza ta fi kowa a ajinsu. Da na taya ta murna ta ce tambayoyin ne suka zo da sauƙi, kuma a zango na gaba ta nemi a canza mata fanni zuwa wanda babu lissafi a ciki, wai kada sa'ar ta ƙare mata a tsakiyar hanya. Bashir ya faɗi karo na uku. Ya ce laifin watannin da ya yi a hannun Anti ne, tushe ne ya lalace. Shi ne ya kawo mai fenti da kansa aka goge allon ƙofar shago aka rubuta sunana, Farfesa Nazifi, da manyan baƙaƙe, har da hoton wani mutum mai tabarau da ba ni ba ne.

To ku masu son sana'a, ga ta nan. Za ku koyi shafa allo, da zaɓen alli, da yin magana sama da ruwan sama. Za ku koyi rubuta darasi tun ana gobe. Wanda yake namiji a cikinku, dogo, mai murya, an riga an yafe masa rabin aikin, kuma ba zai ma sani ba. Ƙanwata Zainab ta fi ni kai nesa ba kusa ba, ta ce tana son ta fara ɗaukar ajin safe. Na ce ta zo. Na kuma gaya mata abin da za ta tarar, don ranar da ta zo duba shagon wani sabon ɗalibi ya miƙa mata jakarsa ya ce ta ajiye masa kafin Oga ya iso.

Malama Hajara tana Kuru tana koya wa 'yan aji biyu ƙirga da marafan kwalba. Duk Asabar nakan hau mota in kai mata darussan mako mai zuwa ta duba min, ta zauna a ƙofar gida da jan bironta. Makon jiya ta zagaye wuri huɗu a shafi uku. A cikinsu ɗaya ne kawai na haƙa da gangan.